Godiya ga Waɗanda Aka Yi wa Tiyatar Sankarar Hanta da Iyalansu, tare da Bayanin da Muka Yi Alkawari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu likitocin tiyata da na hanta, da ma'aikatan jinya, da na ɗakin gwajin jini, waɗanda suka shirya zaman tattaunawa da mutanen da aka yi wa aikin cire sankarar hanta da iyalansu, muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarta. An yi taro lafiya an tashi lafiya, alhamdu lillahi. Wasu sun baro gida tun asuba, wasu sun zo ɗinki bai gama warkewa ba, wasu kuma sun zo ne a madadin wanda Allah Ya karɓi ransa, don wani ya amfana da abin da suka gani. Ku na ƙarshen nan, Allah Ya jiƙan mamatanku, Ya ba ku ladan haƙuri.

Lokaci ya ƙure mana a kan tambayar da ta fi kowace yawa: lambar AFP da ke kan takardar gwaji, me take faɗa game da gobena bayan an yi aiki? Mun yi alkawarin rubutawa, ga shi muna cikawa a cikin wannan godiyar, domin mutanen da muke gode wa su ne suke sa lambar ta yi amfani.

Godiya ta farko ga iyalan da suka zo da takardun gwaji a jere, tun daga na kafin tiyata. Iyayenmu mata ne suka fi yin wannan, wasu a cikin leda, wasu a fayil, kuma da wuya su san girman abin da suka yi. AFP, wato alfa-fitofurotin, sinadari ne da hantar jariri ke yi tun yana ciki. Bayan haihuwa yana raguwa, har ya zama babban mutum mai lafiya ba ya wuce nanogiram 10 a kowace mililita ta jini, ko 20 a ma'aunin wasu ɗakunan gwaji. Ƙwayoyin sankarar hanta kan koma yin sa, shi ya sa yake hawa. Tun 1964 wani likita ɗan Rasha, Tatarinov, ya gano shi a jinin masu wannan cuta, kuma har yau shi ne gwajin da aka fi samu a asibitocinmu. Sai dai lamba guda ɗaya ba ta faɗar abu mai yawa. Abin da likita ke karantawa shi ne tafiyar lambar, daga ina ta taso, ina ta nufa, da wane sauri. In takardar farko ta ɓata, rabin labarin ya tafi da ita.

Lambar kafin aiki tana da nata bayanin. Wanda AFP ɗinsa ya haura 400 ya fi fuskantar haɗarin dawowar ƙari a kan wanda nasa ke ƙasa, in ya haura 1,000 kuma haɗarin ya ƙaru, saboda irin wannan ƙarin ya fi saurin kutsawa cikin ƙananan jijiyoyin jinin hanta inda hoto ba ya gani. A Faransa ma, tun 2012 aka fito da wani ma'auni na zaɓar wanda za a yi wa dashen hanta, inda ake haɗa girman ƙari da yawansa da AFP: ƙasa da 100 babu maki, daga 100 zuwa 1,000 maki 2, sama da 1,000 maki 3; yawan maki yana nuna yawan haɗarin dawowar ƙari. Muna roƙo kada wanda ya ga babbar lamba a takardarsa ya yanke ƙauna. Lissafin haɗari ana yin sa ne a kan taron mutane masu yawa, kuma a cikin masu babbar lamba akwai waɗanda suka yi shekaru ƙari bai dawo ba. Amfanin lambar shi ne ta sa a matse sa ido.

Bayan aiki ne gwajin ya fi faɗar gaskiya. In an cire abin da ke zubo AFP, jiki yana rage rabin wanda ya rage a jini a duk kwana 5 zuwa 7. Wanda ya shiga tiyata da 800, bayan mako guda ana sa ran wajen 400, sai 200, sai 100, sai 50, sai 25, sai 12, sannan ya faɗa ƙasa da 10. Ragi bakwai ke nan, mako 5 zuwa 7. Wanda ya shiga da 20,000 yana buƙatar ragi goma sha ɗaya, wato wata biyu zuwa biyu da rabi. Saboda haka mutumin da ya yi gwaji kwana goma bayan aiki ya ga 250 bai kamata ya tayar da hankalin gida ba, in daga 800 ya taso yana kan hanya. Muna so a ɗebi jini a cikin makon da za a yi aiki, a sake bayan mako 4 zuwa 6, in lambar farko babba ce a ƙara wani a wata na biyu ko na uku.

Abin da ke damun likita iri biyu ne. Na farko, lambar ta sauka sannan ta cije, a ce a 60 ko 150, ta ƙi isa daidai. Wannan yana nuna mai yiwuwa akwai ragowar ƙwayoyin cuta, ko a bakin wurin da aka yanka, ko a wani sashe na hanta, ko a huhu. Na biyu, ta sauka har daidai, bayan watanni ta fara hawa a gwaji biyu ko uku a jere: 6, sai 18, sai 45. Lambar 45 ƙarama ce, kuma mutum zai iya cewa ai da ina da 800, amma hawa a gwaji uku a jere ya fi babbar lamba mai sauka ban tsoro. A nan ana maimaita gwaji bayan mako 2 zuwa 4, a duba ALT, wato sinadarin da ke hawa in hanta ta ji rauni, da yawan ƙwayar ciwon hanta a jini, mace a yi mata gwajin ciki, sannan a yi hoton CT ko MRI na hanta wanda ake ɗauka a matakai bayan an sa ruwan allura a jijiya, haɗe da hoton ƙirji. AFP kamar hayaƙi ne, yana sanar da cewa akwai wuta a gida, amma hoto ne ke nuna ɗakin da take ci.

Akwai wata gaskiya da muka faɗa a zauren, za mu maimaita da ƙarfi. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu sankarar hanta, ƙarinsu ba ya ɗaga AFP ko kaɗan. Wanda nasa yake 5 kafin aiki, 5 ɗin bayan aiki ba shaidar warkewa ba ce, hoto ne abin dogaronsa. Wannan kuskure yana cin rai, domin mutum kan yi gwajin jini mai araha, ya ga lafiya lau, ya daina zuwa hoto mai tsada. Haka kuma AFP kan hau ba tare da sankara ta dawo ba: juna biyu, tashin ciwon hanta nau'in B ko C, ƙandarewar hanta, wasu ƙarin maraina ko na ƙwan mace, wani lokaci ma hantar da ke sake tofowa bayan yanka.

Godiya ta musamman ga ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda mai jinya ba ya ganin fuskarsu. Su suka tsaya suka yi bayanin abin da ke ɓata sakamako, kuma ya dace a rubuta shi. Gwajin AFP ba ya buƙatar azumi. Ana ɗiban mililita 3 zuwa 5 a kwalba mai jan murfi ko ruwan ɗorawa, a bari jinin ya daskare, a raba ruwansa, a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8 in za a yi aikin cikin 'yan kwanaki, ko a daskarar in zai daɗe. Jinin da ya sha rana a jakar ɗan saƙo ko ya fashe a kwalba, gara a sake ɗiba. Na'urori sun bambanta, don haka a tsaya a ɗakin gwaji guda gwargwadon iko. A kuma duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, domin wasu suna ba da sakamako a ng/mL wasu a IU/mL, kuma 100 IU/mL daidai yake da wajen 121 ng/mL. Wanda ya sauya wuri zai iya ganin hawa ko sauka da babu shi. Ƙwayoyin bayotin masu ƙarfi da ake sha don gashi da farce suna rikita wasu na'urorin, a faɗa wa mai ɗiban jini. In kuma AFP ya yi mugun yawa, wasu na'urorin kan ruɗe su ba da ƙaramar lamba, sai an tsinka ruwan jinin an sake aunawa; likita ya rubuta a takardar neman gwaji cewa ƙarin babba ne, don su san su yi hakan.

An yi tambaya a kan gwaje-gwajen da ake ji a intanet. PIVKA-II, wanda ake kira DCP, gurɓataccen sinadarin daskarar da jini ne da ƙarin hanta ke fitarwa. An fara bayyana alaƙarsa da wannan cuta a 1984, iyakarsa ga mai lafiya 40 mAU/mL, kuma rabinsa yana ƙarewa cikin kwana 2 zuwa 3, don haka ya fi AFP saurin nuna ko aiki ya yi. Hawansa yana tafiya da kutsen jijiyoyin jini, yana kuma taimakon wanda AFP ɗinsa bai taɓa hawa ba. Rauninsa shi ne duk abin da ya taɓa bitamin K yana motsa shi: maganin wafarin, shawarar toshewar bututun maɗaci, rashin abinci, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ɗaga shi, allurar bitamin K kuma tana danne shi. AFP-L3 wani kaso ne na AFP da ya fi keɓanta da sankara, ana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari zuwa sama a matsayin hawa. A Japan ana auna ukun tare, kuma an ga cewa wanda duka ukun suka hau masa kafin aiki ya fi saurin ganin dawowar cuta. A wajenmu waɗannan biyun suna da wuyar samu da tsada. Ra'ayinmu shi ne, in kuɗin ɗaya kawai ake da shi, a biya hoto.

Ba kowace sankarar hanta ce AFP ke bi ba. Wadda ta taso daga bututun maɗaci, wani sinadarin jini mai suna CA 19-9 ake aunawa, iyakarsa 37 U/mL, shi ma shawara kaɗai tana ɗaga shi, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya yin sa sam. Wadda ta yaɗo daga babban hanji, sinadarin jini mai suna CEA ake bi, iyakarsa 5 ng/mL, ya ɗan fi haka ga mai shan taba. Ku tambayi likita wace iri aka cire muku.

Muna gode wa likitocin da ke duba naman da aka cire a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Rahotonsu yana da nauyi daidai da na gwajin jini, ko ma fiye: ko bakin yanka ya fita tsaf, ko ƙwayoyin sun shiga ƙananan jijiyoyi, ko akwai 'ya'yan ƙari a kewaye, ko girmansa ya wuce santimita 5. Da yawa ba sa komawa karɓar wannan takarda, don Allah a karɓa a haɗa da sauran. Ita kanta hantar da ta rage tana da tata magana. Albumin (furotin ɗin da hanta ke yi) ƙasa da giram 35 a lita, bilirubin (sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa) mai hawa, jini mai jinkirin daskarewa, ƙwayoyin daskarar da jini ƙasa da 100,000, duk suna nuna hanta ta gaji, kuma mai irin wannan hantar yana cikin haɗari ko da AFP ɗinsa 4 ne.

Dalilin nacinmu shi ne sankarar hanta tana iya dawowa ga mutum har bakwai cikin goma a cikin shekara 5 bayan aiki. Wadda ta dawo a shekara biyun farko galibi ragowar ta farko ce, ita ce gwaje-gwajen nan suka fi hangowa. Wadda ta zo bayan haka yawanci sabuwa ce da hanta mai ciwo ta haifa. Shi ya sa ake hoto da AFP duk wata 3 zuwa 4 a shekara biyun farko, sannan duk wata 6, ba a dainawa. Ƙarin da aka kama bai kai santimita 3 ba ana iya ƙona shi da allura mai zafi ta fata, ko a sake yanka. Wanda ya fi haka ana iya toshe jijiyar da ke ciyar da shi a zuba masa magani. Wanda aka bari sai da ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa, zaɓin da ya rage kaɗan ne.

Ga masu harhaɗa magani da ma'aikatan jinya da suka tsaya a kan maganin ciwon hanta nau'in B, mun gode. Wannan ƙwaya ce babban tushen sankarar hanta a ƙasashenmu. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya same ta a jinin kusan kashi 8 cikin ɗari na manya. Shan tenofobir ko entekabir kullum yana rage dawowar ƙari, barinsa kwatsam kuma yana iya tayar da ciwon da zai ɗaga AFP ya kuma durƙusar da hantar da aka riga aka rage. In magani ya kusa ƙarewa ko kuɗi ya yanke, a zo a faɗa kafin ranar. A guji barasa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a zubar da gyaɗa da masarar da suka yi funfuna saboda gubar afulatoksin. Mata da miji da 'ya'ya da 'yan ɗaki ɗaya su yi gwajin ƙwayar B, wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Godiya ga matasan da suka ba da jini, da likitocin sa barci, da masu ɗaukar hoto, da limaman da suka yi sanarwa a masallatai, da masu shara da gadi da suka gyara wuri. Ga masu jinya kuma, roƙonmu ɗaya ne a zuwa na gaba: ku samu ƙaramin littafi, ku rubuta ranar tiyata a shafin farko, a ƙarƙashinta kowane gwaji da kwanan watansa, da lambarsa, da ma'auninsa, da sunan ɗakin da aka yi shi, ku kuma ɗauki hoton takardun a waya. Wanda bai iya rubutu ba ya kawo takardun yadda suke, ma'aikatan jinya za su rubuta masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi mai ɗorewa, Ya saka wa kowa da alheri. Amin.