Shekara biyu ina riƙe da littafin 'yan sintirin ƙauyenmu

Ni dai ban nemi aikin nan ba, an ce tunda ina koyarwa a firamare to ni zan zama sakatare, shikenan aka ɗora min. Garinmu ɗan ƙauye ne a Jigawa, caji ofis mafi kusa sai ka yi minti arba'in a mashin, in damina ta sauka kuwa sai addu'a. Abin ya taso ne bayan girbin riɗi na 2021, yara suka sami kuɗi a hannu, sai ga ƙwaya da sholisho da wiwi a bayan makarantarmu, ana tare 'yan talla da magariba, ana kwance awaki a turke, har batirin solar fanfon gari aka cire. Kodin ɗin da gwamnati ta hana a 2018 ma bai ɓace ba, tsada kawai ya ƙara, marasa ƙarfi suka koma tiramol.

Baba Dagaci ya tara masu unguwanni da liman, aka zaɓi samari goma sha biyu, aka saya musu tocila da usur, gora kuma kowa ya zo da tasa. Kowane gida naira 200 a wata, kuma wallahi karɓar ɗari biyun nan ta fi kwanan sintirin wahala.

Sati na uku muka tafka kuskure. Yaranmu suka kama wani da akuya a buhu wajen ƙarfe biyun dare, suka ɗaure shi a bishiyar darbejiya suka yi ta jibga har hannu ya karye, ni kuma ina tsaye ban ce uffan ba don a raina gani nake maganinsa kenan. Gari na wayewa ubansa ya tafi ya shigar da ƙara, ɓarawo ya koma mai ƙara mu muka koma waɗanda ake tuhuma. DPO ya zaunar da mu ya ce Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda mutumin gari ya kama mai laifi, amma ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, duka kuwa laifi ne mai zaman kansa ko da an kama mutum dumu-dumu. Mu muka biya kuɗin ɗori daga asusun, maganar akuya kuma ta bi ruwa.

Amma abin da ya fi ba ni wuya shaida ce. A ƙauye kamu ba wuya, kowa ya san wanda ya yi, matan da ke ɗibar ruwa ma sun sani. Ranar da za a je a ba da sitatimen sai mai akuyar ya ce ai ya yafe, in ka bincika ka tarar kakarsu ɗaya da yaron ko ƙanwarsa na aure a gidansu. Ka ƙona man mashin ka kai yaro, kafin ka dawo ya riga ka zuwa teburin mai shayi yana maka dariya. Na yi ta zagin mutane a zuciyata ina cewa munafukai ne, sai da abin ya zo kaina.

Ɗan yayata aka kama da wayar wata mai tallan awara. Bayan isha'i sai ga yayar tawa ta shigo ko sallamar kirki babu, ta zauna bakin tabarma ta ce Malam ɗanka ne fa, in ka rubuta sunansa a littafin nan ka rubuta nawa. Na ce Yaya ki yi haƙuri, jiya na rubuta ɗan Sarkin Fawa, in na tsallake naki gobe wa zai ba mu ɗari biyu? Hannuna na rawa na rubuta. Ta yi wata huɗu ba ta taka gidana ba, sunan matata ma aike ta yi.

Daga nan muka canza salo. Ƙaramin laifi a ƙofar Dagaci ake zama, yaro da ubansa da wanda aka cuta, a biya abin da aka ɗauka, uba ya dangwala yatsa a littafi. In ya sake, ko ya zaro wuƙa, to sai caji ofis, kuma tun kafin mu tashi mai kaya zai faɗa gaban jama'a ko zai tsaya shaida, in ba zai tsaya ba mu ma ba ma ɓata manmu. Kiɗan DJ a biki aka ce ƙarfe goma a kashe, an ɗan yi gunaguni aka saba. Mai kawo ƙwayar kuwa ba ɗan gari ba ne, ranar kasuwa yake zuwa kamar mai sayar da maganin ciwon kai, wannan ya fi ƙarfin gora, hakimi muka rubuta wa ya haɗa mu da NDLEA.

Ba zan ce shaye-shaye ya ƙare ba, sun dai bar bayan makaranta sun koma fadama. Littafin na miƙa wa wani bara, ɗan yayata kuma yanzu yana cikin masu sintirin, shi ke riƙe da usur. Uwarsa ta dawo tana gaishe ni, amma har yau in na je gidanta ruwa kawai take kawo min, furar da ta saba dama min ban sake gani ba.