Kwana uku ina zargin Alpine, ashe wayar caja ce

A wurin aiki aka miƙo min wata ƴar ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya, Raspberry Pi 3, wai in saka mata sistem mara nauyi, aikinta kawai ta riƙa auna zafin ɗakin da sabobinmu (manyan kwamfutocinmu) suke tana turo mana. Na ce ai wannan aikin rabin yini ne. Na ɗauko Alpine Linux saboda ƙanƙantarsa, ga shi a kan Pi yana iya loda kansa gaba ɗaya cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, ba ya yawan rubutu a katin SD.

To wannan ɗin ne ya fara kayar da ni. Na yi wajen awa biyu ina saita netwok, na saka SSH don in riƙa shiga na'urar daga nesa, na ƙirƙiri yuza, komai tsaf, na kashe na kunna, wallahi kamar ban taɓa ta ba, duk ya goge. Ashe in ba ka buga umarnin lbu commit da ke adana canje-canje a kati ba, duk abin da ka yi a RAM yake zaune, wuta na ɗaukewa ya bi iska. Kuma an rubuta wannan ɓaro-ɓaro a bayanan Alpine, ni ne dai sarkin gaggawa ban karanta ba.

Sai na kwafo wani ɗan firogiram da muke amfani da shi a wata Pi mai Raspberry Pi OS. Na buga ls don ya jero fayiloli, ga fayil ɗin ina kallonsa da idona, na ce ya tashi, ya ce min "not found". Har na fara tunanin ko na haukace ne. Abin da bai samu ba ba fayil ɗin ba ne, loda ce ta glibc yake nema, wato laburaren da firogiram ɗin ya dogara da shi a Raspberry Pi OS, shi kuwa Alpine wani laburare daban mai suna musl yake amfani da shi, da BusyBox a madadin manyan kayan GNU. Akwai gcompat da ke ɗan toshe ɓarakar amma ni sake haɗa firogiram ɗin na yi a kan Alpine ɗin, hankalina ya fi kwanciya.

Agogo ma ya ɗan wahalar da ni, duk wani haɗi na HTTPS sai ya ce satifiket bai yi ba, na duba kwanan watan na'urar na ga shekarar 1970 take nunawa. Pi 3 ba ta da agogo mai batir, sai a Pi 5 ta 2023 aka saka shi a jikin allon. Na kunna chrony, mai saita agogo ta intanet, magana ta ƙare.

Babbar matsalar ita ce sandarewa. Ta yi awa biyar lafiya lau, sai kawai SSH ya yanke, ba ping ba komai. Na sake rubuta katin sau uku, na canza kati, na koma tsohon kanel, wato zuciyar sistem ɗin, ina ta ƙorafi wai Alpine bai nuna ba a kan Pi. Wani abokin aikina da ya girme ni a harkar ya zo wucewa ya tsaya, ya ce kai malam kana ta canza abu ba ka ma ji abin da na'urar ke faɗa ba, ina siriyal ɗinka, wato wayar da ake karanta saƙonnin na'urar da ita kai tsaye? Ya ciro ƴar adaftar USB zuwa UART daga durowarsa, muka jona a fin na 6, 8 da 10, fin ɗinta na aikawa (TX) zuwa na karɓa (RX) na adafta, ya ja min kunne kan cewa 3.3V ce, in na kuskura na ba ta 5V a nan sai dai wata. Muka saka enable_uart=1, muka ƙara konsol a cmdline.txt, gudu 115200, na bar laftof a jone tana ta ajiye duk abin da ya fito.

Da yamma na dawo na tarar da layin "Undervoltage detected!", wato wuta ta yi ƙasa, ya jeru ya kai goma kafin ta sandare. Sai a lokacin na lura jar fitilar nan ta jikin allon tana ɗaukewa tana dawowa, ita kuwa ba ado ba ce, in wuta ta yi ƙasa da wajen 4.63V take mutuwa. Kwana uku tana gabana tana min ƙifta ido ban kula ba! Da a ce na jona mata allon kallo ma ƙila na ga alamar walƙiyar nan a kusurwa, amma ni ta SSH kawai nake shiga.

Kan cajar ba shi da laifi, 5V 2.5A ne kamar yadda Pi 3 ke so. Wayar ce siririya doguwa, irin wadda ake samu a ƙasan jaka ba a san ma daga ina ta zo ba, da zarar Pi ta ja wuta da ƙarfi sai boltej ya zube a hanya. Na sa gajeriya mai kauri, jar fitila ta tsaya cak.

Yanzu in aka kawo min irin waɗannan allunan sai na duba waya da fitila kafin in taɓa kibod, sannan in buga dmesg in karanta saƙonnin sistem. Adaftar siriyal ɗin kuwa har yau tana wurina, ya tambaye ni ita sau biyu.