Asabar: ni da Ummi a filin firamare

Yau kwana goma ke nan da aka yi min awon hawan jini a asibitin sha-ka-tafi na garinmu, nan gefen Ringim, aka ga 148 bisa 94. Ma'aikaciyar ta sa na huta, ta sake awo, bai sauka ba. Ta ce duk abin da ya kai 140 bisa 90 ba a yi masa sakaci: in rage gishiri da magi, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan sati biyu. Ban yi mamaki ba. Tun da na sayi babur ko masallacin Juma'a ba na zuwa da ƙafa, ga shi an gama girbi, aikin gonar da ke sa ni gumi ya ƙare sai wata damina.

Da na dawo daga sallar asuba na tarar Ummi ta tashi, kamar kullum. Shekararta biyu da wata bakwai, sunan mahaifiyata ta ci. Mamanta kuwa kwana ta yi tana jijjigar jariri. Ta ce, "Baban Ummi, in za ka gudun nan ka tafi da ita, ko na samu in rintsa." Har ga Allah raina bai so ba, don na ɗauka ba gudun da zai yiwu da yarinya a gefe. Inna ta jiyo mu daga ɗakinta ta ce, "A wannan hunturun za ka fita min da takwara? Ka bari rana ta ɗaga, hazo ya kwanta." Gaskiyarta. Sai bakwai da rabi muka fita, bayan na shafe ta da basilin, na sa mata rigar sanyi da hula da takalmi rufaffe saboda tsidau.

A filin makarantar na shimfiɗa mata buhu a gindin darbejiya. Daga nan zuwa wani gawo na ƙirga taku 120. Na ce mata, "Ummina, zauna nan, zan je in taɓo bishiyar can in dawo mu tafa." Zuwan farko ta zauna. Na biyu ina cikin sassarfa sai na ji ƙaramar murya a bayana: "Baba, jiya ni!" Ina waiwayawa na gan ta tafe, hannuwa a buɗe, hula ta rufe mata ido ɗaya, tana dariya har da shaƙewa. Na tsaya. A lokacin ne na ji yadda ƙirjina ke dukan tara-tara, haki ya hana ni amsa mata. Ashe ni ma tsayawar nake bukata.

Haka muka yi ta yi. In yi sassarfa kamar minti ɗaya, in dawo in kama hannunta mu taka a hankali minti biyu ko uku, har numfashina ya daidaita. Sau ɗaya ta faɗi cikin ciyawa, ƙarangiya ta cika mata safa. Na zaunar da ita a cinyata ina cirewa ɗaya bayan ɗaya, tana nuna min waɗanda na bari da ɗan yatsa. Ta nemi in ɗora ta a wuya in yi gudu da ita, na ƙi. Filin duk ramuka ne da sawun shanu, tuntuɓe ɗaya ya isa.

Wani dattijon unguwarmu ya zo wucewa da amalanken shanu zai kai taki gona. Ya ja linzami ya ce, "Malam, lafiya? Me ya biyo ka?" A ƙauye in magidanci ya zuba da gudu, to gobara ce ko maciji. Na gaishe shi na ce, "Baba, hawan jini ne, magani nake sha." Ya jinjina kai ya ce Allah ya ba da lafiya, ya miƙa wa Ummi aya daga aljihu. Na karɓa na riƙe mata, don ƙwaya irin wannan tana iya shaƙe yaro ƙarami.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 in mai ƙarfi ne. Yaro mai shekarun Ummi kuwa minti 180 a rana, amma na wasa iri-iri, a warwatse cikin yini. Wannan ya kwantar min da hankali. Ita ba horo take bukata ba, don haka duk inda ta ce ta gaji, nan za mu tsaya. Yau minti 25 muka yi, gudun da ke ciki bai wuce minti takwas ba.

A hanyar gida muka sayi ƙosai, ta sha koko ta yi barci kafin hantsi. Mamanta ma ta samu awa guda cur.

Yanzu bayan isha'i ne, sha-raɓata duk sun ɗaure. Ranar Litinin akwai makaranta da safe, sai dai mu fita bayan la'asar, sanyi ma ya yi sauƙi a lokacin. Laraba zan koma awo. Ɗazu Ummi ta jawo kambas ɗina ƙafa ɗaya daga ƙarƙashin gado ta ajiye min a kan tabarma, ta ce, "Baba, bishiya." Na ce mata sai jibi, in Allah ya kai mu.