Gwangwanin madara ukku da kalmomin Turanci

Shekaranjiya bayan isha'i na tarar da ƙanena zaune a zaure da tocila, ya buɗe dikshinari tun daga harafin A yana ta nanatawa, wai JAMB ta matso. Na ce mashi ina ka kai? Ya ce "Yaya ina kan abdicate." Wallahi sai tausayinshi ya kama ni, don ni ma haka na yi lokacin da nake shirin IELTS, jarabawar Turancin nan ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, wata biyu cur ina haddar jerin kalmomi har na cika littafi fal, ranar jarabawa na zauna gaban takarda suka ƙi zuwa, 'yan kaɗan ɗin da suka zo ma ban san inda zan aje su ba.

Jarabawar nan ba cewa take ka kawo ma'anar kalma tsurarta ba. A UTME, wato jarabawar JAMB ɗin, tambayoyin Turanci 60 ne cikin 180, kuma wurin da ake son ka zaɓi kalma mafi kusa a ma'ana ko kishiyarta, cikin jimla ake ba ka ita, sai ka ga zaɓi biyu kamar Hassan da Hussaini. IELTS kuwa makinta daga 0 zuwa 9 ne, kuma a ɓangaren rubutu ɗaya daga cikin ma'auni huɗu shi ne yadda kake sarrafa kalmomi, ba wai girmansu ba, a'a ko kalmar ta zauna da abokiyar zamanta. Mu fa cewa muke an ci kasuwa, an sha iska. Bature ya zo ya ce maka zai je Charanchi ya sha kasuwa, ka gane nufinshi amma ka san ba ɗan gida ba ne. To haka mai duba takarda yake ji in ka rubuta do a decision maimakon make a decision. Shi ya sa na daina rubuta kalma ita kaɗai, sai da jimlar da na tsince ta a ciki.

Abu na biyu kuma tun a Islamiyya muka san shi, ba mu lura ba ne kawai. Ilimi da malami da ta'alimi duk saiwarsu guda a Larabci. Turancin jarabawa ma haka yake, mafi yawan manyan kalmomin nan daga Latin da Girkanci suka fito. Ɗauki cred, asalinta yarda. Credit bashi ne, kuma ai bashi sai da yarda, incredible abin da hankali ya kasa yarda da shi, credulous mai saurin yarda da duk abin da aka faɗa mashi. Bene alheri, mal sharri, sai ga benevolent da malevolent sun buɗe da kansu. Ba kullum dabarar ke ci ba gaskiya, amma a ɗakin jarabawa ta kan taimake ka ka jefar da zaɓi biyu.

Wace kalma za a fara da ita? Ni dai ba na ba kowa shawarar bin dikshinari daga farko. Akwai jerin da wata malamar jami'a Averil Coxhead ta fitar a 2000 a ƙasar New Zealand, dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun jami'a, kyauta yake a intanet, a fara da shi.

Sai babban ciwon, mantuwa. Tun 1885 wani Bajamushe Ebbinghaus ya nuna cewa abin da ka haddace ya fi saurin zubewa jim kaɗan bayan haddar, kuma kowane alaramma a Katsina zai ce maka hadda ba tilawa zuba ruwa ne a rariya. Abin da na yi, na karɓo kwalin sukari wurin mai shayin bakin layinmu nan Ƙofar Ƙaura na yayyanka ƙanana, gaba kalma da jimlarta, baya ma'ana da Hausa yadda ni zan gane. Gwangwanin madara ukku, na farko kullum bayan asuba, na biyu duk kwana ukku, na ukku ranar Juma'a. Kati in na ci shi ya ƙara gaba, in na faɗi ya dawo na farko ko da ya kai ƙarshe, ba sani ba sabo. Wannan dabarar ita ake ce ma tsarin Leitner, manhajar Anki ma kusan aikin da take yi ke nan a waya, amma gwangwani ba ya neman caji kuma ba ya jan ka zuwa TikTok. Kalma biyar a rana nake ƙarawa, daga sharhin jarida nake tsinto su, ban taɓa wuce haka ba.

Jiya da safe na ga yaron ya jera gwangwanayenshi kan taga, katin farko abdicate ne, ya rubuta a baya sarki ya yi murabus. Na ce mashi ya ƙara jimla, ya ce sai ya dawo daga lesin.