Kafin ka yi jingar rijiya, ninka faɗinta sau kansa

Ƙannena masu shiga aikin haƙa da gini da noman rani, akwai lissafin filin da'ira da aka koya mana a sakandare muka watsar, sai da ya ci mini kuɗi na koma na neme shi.

Na taɓa karɓar jingar rijiya mai faɗin mita 1, zurfin mita 10. Ana gab da fara aiki mai gidan ya ce a buɗa ta zuwa mita ɗaya da rabi. Na ga an ƙara rabi a faɗi, sai na ƙara rabin kuɗi, muka tafa. Ƙasar da muka fitar kuwa ta fi ninki biyu, kwanakin leburori suka ƙaru, kuma daga aljihuna na cike musu haƙƙinsu.

Filin da'ira ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da faɗinta. Rabin faɗin ake ninkawa sau kansa, sannan a ninka da 3.14, ko 22/7 in ka fi saba da shi. Bakin rijiya mai mita 1 filinsa murabba'in mita 0.79 ne, na mita 1.5 kuwa 1.77. Ninka kowanne da zurfin mita 10, ka ga ƙasar ta tashi daga wajen kubik mita 8 zuwa kusan 18. Abin da ya ruɗe ni shi ne kewaye, don shi kam da gaske rabi kawai ya ƙaru. Saboda haka simintin ɗaure bango da rabi zai ƙaru, amma haƙa da kwashe ƙasa da marfin kankare duk filin suke bi. Kowanne ka yi masa lissafinsa daban.

In kwatanta da'ira biyu kawai kake so, ba ka ma buƙatar 3.14. Ninka kowane faɗi sau kansa ka duba. 1.5 sau 1.5 ya ba da 2.25, wato aiki biyu da kwata.

Masu ban ruwa a fadama su ma su kula. Sau da yawa za ka ji ana cewa tiyo biyu masu inci 2 daidai suke da ɗaya mai inci 4. Ba haka ba ne. In ka ninka kowane faɗi sau kansa, biyun sun ba da 4 da 4, wato 8, mai inci 4 kuwa 16 ne. Ko mai inci 3, da yake 9, ya fi su haɗe, ga shi kuma siririn tiyo ya fi rage wa ruwa gudu in tafiyar ta yi nisa.

Kuma in za ka auna, ka tambayi mai aiki faɗin ciki yake nufi ko har da kaurin bango. Rijiyar da ake so cikinta ya zama mita 1 bayan an ɗaure ta da bango mai kaurin santimita 10, ramin mita 1.2 za ka haƙa, kuma wannan kaɗai ya ƙara maka kashi 44 cikin 100 na ƙasa.