Ƙullun idli: yadda nake kwaɓa shi da abin da ke hana shi tashi

Idli abincin karin kumallo ne a kudancin Indiya, musamman Tamil Nadu da Karnataka. Mai yin waina zai gane ƙullun nan take, sai dai shi ba a sa masa yis, kuma turara shi ake yi a madambaci.

Nakan jiƙa kofi 4 na shinkafar da aka turara a kwano ɗaya, kofi 1 na urad dal, wato ɓararren baƙin waken Indiya, da ƙaramin cokali na hulba a wani kwanon, awa 5. Waken nake fara markaɗawa da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya yi kumfa. Idan na ɗiga shi a ruwa ya taso sama, ya yi. Nan ne aka fi samun matsala: bilenda ta ɗau zafi, ko waken ya tsufa, kumfar ba za ta samu ba, idli ya fito da tauri kamar dutse. Shinkafar kuwa in za a markaɗa ta, a bar mata ɗan tsaki-tsaki.

Sai in haɗa su da hannu, in sa gishiri, in rufe a roba mai zurfi, don ƙullun kan kusa ninka kansa. Awa 8 zuwa 12 yake so a wuri mai ɗumi. Da hunturu yakan kwana bai motsa ba sai na naɗe robar da bargo. Da bazara kuma awa 6 ta isa, in ya wuce tsami ya yi yawa. Bayan ya tashi, a daina juya shi da ƙarfi, iskar ce laushinsa. Turarawa minti 10 zuwa 12.

Amfaninsa ga jiki daga haɗin da tsimawar yake fitowa. Furotin ɗin shinkafa da na wake kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Tsimawar kuma tana rage sinadarin fitet da ke hana jiki tsotsar ƙarfe da zink, ga shi babu suya. Amma kada a ruɗe: turiri yana kashe ƙwayoyin da suka tsimar da ƙullun, ba kamar nono ba ne. Kuma farar shinkafa ce dai, tana ɗaga sukari. Mai ciwon suga ya tsaya a idli biyu, ya cika cikinsa da sambar, miyar wake da kayan lambu da ake ci da shi.