Alhamdulillah, imel ya koma sabon gida

Assalamu alaikum jama'a. Sai yau na samu sukunin rubuta wannan, wallahi tun daren Juma'a rabona da barcin kirki. Mun gama kwashe imel ɗin ofis daga tsohuwar sabar nan, wato kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin, da ta daɗe tana nishi zuwa sababbi guda uku, dukkansu rijiya ɗaya suke ɗiba, wato ma'ajiya guda ta NFS, tsarin da ke ba kwamfutoci da yawa damar amfani da fayiloli guda ta netwok. Ko saƙo ɗaya bai salwanta ba, amma fa mun ji a jikinmu.

A takarda abin ba wuya. Manhajar Postfix na karɓar saƙo, manhajar Dovecot na miƙa wa mutane, akwatuna kuma Maildir ne, kowane saƙo da fayil ɗinsa. Tun Laraba muka rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran kwamfutoci ke riƙe adireshin sabarmu kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 muka sa rsync, manhajar kwafar fayiloli, ya fara jido, to ƙananan fayiloli ne birjik shi ya sa yake tafiyar hawainiya, sai bayan isha'i ranar Juma'a muka rufe shigar saƙo a tsohuwar muka yi jidon ƙarshe.

Godiyata ta farko ga ƙanwarmu mai bautar ƙasa. Wajen sha ɗaya na dare saba ta uku ta ƙi buɗe akwatin kowa, wai ba ta da izini, mu manya muna ta zargin ma'ajiya har na fara tunanin sake saita ta daga farko, yarinyar nan ta ce yaya don Allah a duba lambar vmail mana. Wannan vmail shi ne asusun da fayilolin imel ke ƙarƙashinsa a saba. Ashe a sabobi biyu lambarsa 5000 ce, a ta ukun 1001. Yadda muka saita NFS ɗin lamba yake gani, ba ruwansa da suna. Ni na kafa sabar nan da hannuna, don haka kunyar tawa ce. Allah ya yi miki albarka ƙanwata.

Amma babban tashin hankalin sai wajen ƙarfe biyu, da muka fara gwaji da waya da laftof a lokaci guda. Saƙo ya bayyana a waya, a laftof babu, can sai log, wato rahoton da saba ke rubutawa, ya cika da kukan dovecot.index ya lalace, wato indes, fayil ɗin da ke riƙe jerin saƙonnin akwati. Nan na kira malamina da ya koya min Linux, na tashe shi daga barci, ko tsaki bai yi ba. Tambaya ɗaya ya min, ya ce kai, akwatin mutum ɗaya sabobi nawa ke taɓa shi a lokaci guda? Na ce duka ukun mana malam, ai amfanin haɗa ma'ajiyar ke nan. Ya yi dariya ya ce to nan ka ɓata rawarka da tsalle. Kowace saba tana riƙe abin da ta karanto daga NFS na ɗan lokaci a ƙwaƙwalwarta, wannan ta rubuta, waccan ba ta gani ba tukuna ita ma ta rubuta nata a kai, shi ke nan indes ya dagule. Ya sa muka kunna director na Dovecot, ɓangaren da ke raba mutane ga sabobi, yadda kowane mutum kullum saba ɗaya zai riƙa faɗawa, har da saƙon da ke shigo masa ta LMTP, hanyar da Postfix ke miƙa wa Dovecot saƙo, don in ka manta wannan ɓangaren ka yi aikin banza. Muka sa saitin da Dovecot ke buƙata a kan NFS, wato mmap_disable = yes da mail_fsync = always, muka daidaita agogon sabobin da manhajar chrony, sannan muka bi akwatunan da suka taɓu da doveadm force-resync, umarnin da ke sake gina indes. Yana kan waya har aka kira assalatu. Malam ban da abin biyanka, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Oga ma na gode da haƙuri, duk da kira bakwai da ka min kana tambaya ko saƙonnin da aka turo muna rufe sun tafi ke nan. Ranka ya daɗe ba sa tafiya, sabar mai aikowa tana ajiyewa ta yi ta sake gwadawa, Postfix ma in ba a taɓa saitinsa ba sai ya kwana 5 kafin ya haƙura.

Sai mai kula da janareta da ya kwana kusa da inji da aka ɗauke wuta, da baba mai gadi da ya je ya taso mana mai shayi aka haɗo mana da indomi da ƙwai, da uwargida da ta ji shiru ba ta yi fushi ba sai addu'a. Na gode ƙwarai.

Tsohuwar sabar tana nan a kunne har ƙarshen wata, don Allah kar wanda ya zare mata waya wai zai yi cajin wayarsa. Wanda kuma Outlook ɗinsa ke ta tambayar fasuwod, ya same ni ofis gobe bayan azahar, da safe kam barci zan yi.